Kafin Ka Sa Wa Tsohon Gida Siminti

A cikin birnin Kano, idan Allah ya buɗa wa ɗaya daga cikin 'ya'yan gida, ko magada suka haɗa kuɗi za su gyara gidan gado, abin da ake fara gani a bakin lungu shi ne a-kori-kura tana sauke buhunan siminti. Bayanta motar yashi, bayanta kwalayen tayil. Kafin wata ya zagayo an lulluɓe katangar ƙasa da shafe, an zuba fenti mai sheƙi, an manna tayil daga ƙasa har ƙugu. Maƙwabta su shigo su yi Allah sa alheri. Bayan damina biyu ko uku, sai ka bi ta lungun ka ga shafen ya kumbura ya yi ɓawo. In ka ƙwanƙwasa da ɗan yatsa ka ji yana amsawa fanko. Ƙasar da ke bayansa ta jiƙe, ta saki, ta zube a tsakanin bango da siminti, ba wanda ya gani.

Gidanmu na gado yana cikin irin waɗannan unguwanni, a gangaren da ruwansa ke bi ya faɗa Jakara. Kakanmu ya gina shi da tubali, ya rufe da azara. Da maganar gyara ta taso, ni aka ɗora wa tsayawa a kan aikin, ba don na san gini ba, sai don ni ne ba ni da rumfa a kasuwa da za a ce ta hana ni. Mutum biyu suka taimake ni: wani dattijon magini da ya gaji sana'ar, da ɗan yayarmu da ya karanta aikin injiniya. Na zaci zan sha rabon faɗa tsakaninsu. Sai ga shi a kan maganar danshi bakinsu ɗaya, yaren ne kawai ya bambanta.

Ranar da na fara kai dattijon ɗakin Hajiyarmu, inda bango ya yi baƙi yana wari, bai ko taɓa bangon ba. Fita ya yi tsakar gida, ya ɗaga kai ya dubi sama, ya zagaya bayan ɗakin ta lungu, sannan ya dawo ya ce, "Malam, bangon nan ba shi da laifi. Ku je ku tambayi indararonku."

Na ce, "Baba, ai a ƙasa danshin yake."

Ya ce, "Nan ya sauka. Ba nan ya taso ba."

Daga nan aikin danshi yake farawa: gano ƙofar da ruwa ya shigo. Duk abin da aka shafa wa bango kafin a gano ta, asarar kuɗi ce.

Rufin soro irin na da ba ƙaramar dabara ba ce. Ana jera azara, wato itacen giginya da aka tsaga, wanda gara ba ta cika samun sa'arsa ba. A shimfiɗa zana ko asabari a kai, a zuba ƙasa a daddaɓe, sannan a rufe da yaɓen da ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi. Ko da ido yana ganin rufin a shafe yake, yana da ɗan gangare da ke kora ruwa zuwa bakin indararo. Indararon kuma ana yinsa da tsawo, ya yi tsini waje, don ya watsa ruwan nesa da gindin bango. Namu kuwa, wani ya taɓa sauya shi da guntun kwano da bai fi taƙi ɗaya ba, tsatsa ta ci rabinsa, leda da shekar tantabara sun toshe sauran. Rabin ruwan yana kwana a kan rufi, rabi yana bin jikin bango ya taru a gindi.

Mutane ba sa ƙiyasta yawan ruwan nan. Lissafin ba wuya: milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ce. Rufin da ya kai mita goma tsawo da goma faɗi, idan aka yi ruwan milimita 40, wanda ba abin mamaki ba ne a daren Agusta a Kano, ya tara lita 4,000. Duro ashirin ke nan na lita 200. Ka tsaya ka ga an juye maka duro ashirin a gindin katangar ƙasa cikin dare ɗaya, sannan a maimaita jibi, za ka daina zargin tsufa.

Danshin da ya fito daga sama yana da alama. Tabonsa daga kan bango yake farawa ya gangaro, yana bayyana sa'o'i kaɗan bayan ruwa, yana kuma ja baya idan rana ta buɗe. Abin tsoro a cikinsa shi ne bakin azara, wurin da ta shige cikin bango. Can take ruɓewa a ɓoye. Ka samu doguwar ƙusa ka tsikari wurin. In ta shige ba gardama, azarar ta gama aiki, kuma kada a bar kowa ya kwana a ƙarƙashinta sai an tokare.

Mutane da yawa yanzu suna ɗora kwano a kan tsohon soro. Ni ban ga laifin wannan ba, ya ceci gidaje da yawa. Inda ake ɓata shi shi ne wajen son kyau: a ɓoye kwanon a bayan rawanin bango don kada a gan shi daga waje, a yi masa magudana ta ciki. Ranar da magudanar ta toshe ko ta ɓule, kai tsaye cikin kan bango take zuba. Kwanon da ya zarce bango da kamu guda ya fi wanda aka ɓoye amfani, ko da bai kai shi kyan gani ba. A kula musamman da bangon gabas, domin hadarinmu daga gabas yake tasowa, iskarsa kuma can take fara dukan gini da ruwa. Duk tsohon magini ya san bangon gabas ne yake fara cin yaɓe.

Danshin da ke tasowa daga ƙasa shi ne mai wuyar sha'ani, kuma a kansa aka fi yin kuskure. Bangon ƙasa cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Idan gindinsa yana zaune a jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai ya riƙa jan ruwan sama-sama, yadda lagwani ke jan kananzir daga cikin fitila. Ruwan yana hawa har inda iska ta fi ƙarfinsa ta busar da shi, galibi tsakanin gwiwa da ƙugu, da wuya ya wuce mita ɗaya da 'yan kai idan bangon yana shan iska. A nan za ka ga wani layi mai lanƙwasa ya bi bango, ƙasansa duhu, samansa fes.

Ruwan ba shi kaɗai yake hawa ba, yana tafe da gishirin ƙasa. Idan ya bushe sai ya bar gishirin a fuskar bango, farin garin nan da mata ke sharewa kullum suna cewa bango yana fitar da kanwa. Gishirin nan, yayin da yake daskarewa a cikin ƙofofin yaɓe, yana buɗa su da ƙarfi, shi ya sa fenti ke tashi, yaɓe ke zama gari. Yana kuma jawo laima daga iska, don haka bangon da ya sha gishiri yakan yi sanyi-sanyi ko an toshe hanyar ruwan. A tsofaffin unguwanni gishirin nan yana da yawa, saboda dalilin da ba a son faɗa a gaban baƙi: shekara da shekaru na salga, da makewayi, da turken awaki a jikin bango ɗaya. A gidanmu, bangon da ya fi kowanne lalacewa shi ne wanda aka ɗaure ragunan layya a bayansa tun ina yaro.

Me ya sa kakanninmu ba su sha wannan wahala kamar mu ba? Wani ɓangare na amsar yana bakin ƙofa. Duk wanda ya san cikin birni ya san gidajen da sai ka taka ƙasa ka gangara kafin ka shiga zaure. Ba haka aka gina su ba. Titi ne ya hau. Duk lokacin da aka zuba marmara, ko aka sake kwalta, ko maƙwabci ya cike gabansa don kada ruwa ya kwanta masa, lungu yana ƙara tudu, tsohon gida yana komawa kwari. Ƙasar waje ta haura daɓen ɗaki, ta rufe gindin bangon da aka gina don ya sha iska.

Ɗaya ɓangaren kuma kududdufai ne. Ramukan nan daga cikinsu aka haƙi ƙasar da aka gina birnin, kuma su ne suke karɓar ruwan unguwa idan sama ta sako. Yau an cike da yawansu da shara, an yanka filaye, an yi gini a kai. Ruwan bai daina zuwa ba don an hana shi masauki. Yana kwanciya a lungu, yana nutsewa a ƙarƙashin gidaje. Ƙara da ruwan famfo da na rijiyar burtsatse da muke zubarwa a yini ɗaya, wanda ya ninka abin da gidan da ake jan guga yake zubarwa, ga kwatar da ta fashe ba mai kula.

Akwai kuma ruwan da mu da kanmu muka shigar cikin bango. An fasa katangar ƙasa an binne bututun famfo. An yanki kusurwar ɗaki an yi banɗakin zamani, tayil ɗinsa ya tsage a wajen magudana. Na'urar sanyaya ɗaki tana ɗiga dare da rana a wuri ɗaya. Tankin sama yana ambaliya duk sanda aka kawo wuta aka manta da injin. Gane wannan ba wuya: bangon da yake jiƙe a watan Maris, ana tsakiyar zafi, ba ruwan sama ne ya jiƙa shi ba. A cika tanki da daddare, a rufe duk famfunan gida, a duba da asuba. In ya ragu, akwai inda yake zuwa.

Ɗan yayar tawa ya koya mini wani gwaji da ba ya cin ko sisi. A yanko leda mai kauri kamar faɗin faranti, a manna ta a bango ko a daɓe, a liƙe gefunanta huɗu da salatif, a bar ta kwana biyu. Idan raɓa ta taru a cikinta, ta ɓangaren bango, ruwan daga cikin ginin yake fitowa. Idan a bayanta ta taru, ta ɓangaren ɗaki, to iskar ɗakin ce ta cika laima, maganinsa taga da buɗe ƙofa, ba birkila ba.

Yanzu ga maganar siminti, wadda a kanta muka kusa ɓatawa da yayanmu. Shi yana da biki a gaba, yana so a shafe ko'ina a sa tayil kafin 'yan kawo lefe su zo. Hujjarsa mai ƙarfi ce: siminti ba ya shan ruwa, me zai hana a rufe bangon da shi a huta?

Amsar ita ce, abin da ya hana ruwa shiga shi ne zai hana shi fita. Bangon ƙasa yana shan laima da damina, ya sake ta da rani, haka yake rayuwarsa shekara ɗari. Siminti kuma ba ya kama ƙasa kamun gaske, zama kawai yake yi a jikinta. Zafin rana da sanyin dare suna motsa su, kowanne da irin nasa motsin, sai shafen ya yi tsaga siririya kamar gashi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa kuwa ko tsagar da ƙadangare zai raina ta ishe shi. Ya shiga ta tsaga, ya taso ta ƙasa, ya rasa mafita. Sai ya ƙara hawa sama yana neman inda shafen ya ƙare, shi ya sa za ka ga an sa tayil zuwa ƙugu bara, bana danshi ya ɓullo a kafaɗa. Ƙasa kuwa ƙarfinta a bushewarta yake. Da zarar gindin bango ya koma taɓo, nauyin soron da ke kansa ya isa ya durƙusar da shi, kuma shafen da ke waje zai ci gaba da nuna lafiya har daren da abin zai faru. Wasu birkiloli suna kafa ƙusoshi ko su ɗaura ragar waya don shafen ya kama. Yana ƙara masa kwana, amma ƙarfe a cikin laima tsatsa yake yi ya kumbura, ya tsaga abin da aka sa shi ya riƙe.

Ba mu kaɗai muka faɗa wannan rami ba. A yankin Devon na Ingila akwai dubban gidajen ƙasa da suka haura shekara ɗari biyu, kuma masu kula da tsofaffin gine-gine a can sun daɗe suna gargaɗi a kan shafa musu siminti, saboda sun ga bangaye sun zube a bayansa. Mu nan abin ya zo da ƙarfinsa ne bayan siminti ya wadata, da masana'antar Kalambaina a Sakkwato ta fara aiki a shekarun 1960, ta Ashaka ta biyo baya a ƙarshen shekarun 1970. Daga nan gidan da ba shafen siminti ya zama gidan marasa hali, kuma kunya ta fi ruwan sama rusa gidajen ƙasa a birnin nan. Wannan ra'ayina ne, na kuma san akwai masu ja.

Ba cewa nake siminti haramun ne a tsohon gida ba. Wurinsa daban ne. A yi kwata da shi, a yi lambatu, a yi gangaren da zai kori ruwa daga gindin bango. Idan wani ɗaki ya riga ya mutu za a tashe shi da bulo, a yi masa harsashi na ƙwarai, a shimfiɗa leda mai kauri a kan harsashin kafin a ɗora bulon farko, ta zama ta haura ƙasar waje da aƙalla inci shida. Leda ce ta 'yan kuɗi kaɗan, amma ita ce birkila yake fara tsallakewa idan mai gida ba ya wurin.

Magabata suna da nasu kayan kare bango, kuma sunayensu sun fara ɓacewa daga bakin yara. Akwai makuba, ɓawon 'ya'yan ɗorawa da ake jiƙawa ya ba da jan ruwa, a kwaɓa ƙasa da shi ko a yayyafa wa yaɓe da daɓe. Shi ke ba tsohon bango launin nan mai duhu, ya sa ruwa ya zame a kansa. Akwai laso, wanda ya fi tsada da ƙarko: katsi, wato tukar da ake kwasowa daga gindin rijiyar marina a ƙona, a haɗa da gashin jima daga majema, da yauƙin dafara. Da shi ake shafe rufin soro da rawani da zankwaye, wuraren da ruwa ya fi duka. Dubi yadda sana'o'in birni suke ciyar da juna: sharar marini da ta majemi ita ce kayan aikin magini. Da marinar Ƙofar Mata da sauran irinta suka ja baya, katsi ya yi wuya, laso ya bi shi. Makuba dai har yanzu ana samu idan an aika ƙauye bayan an sauke ɗorawa.

Abin da waɗannan kaya suka fi siminti da shi ba ƙarfi ba ne. Suna tare yawancin ruwa, suna barin laimar ciki ta fita, kuma idan sun gaji a fili suke gajiya, kowa ya gani ya sabunta. Wannan sabuntawa ita ce farashin zama a gidan ƙasa. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, wadda take cikin tsohon garin da UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, da ƙasa aka yi ta, kuma itatuwan da suka yi tsini a jikinta su ne matakan masu hawa su sake yaɓe. Ginin da aka yi da niyyar a riƙa komawa kansa ke nan. Ruwan kuma ba ya jin kunyar tarihi. A farkon Satumban 2024 mamakon ruwa ya rusa tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin tsakiyar ƙarni na 19. A Agustan 2023 wani sashe na Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu tun shekarun 1830, ya rufta a kan masallata, aka yi asarar rayuka. In irin waɗannan gine-gine da idon duniya ke kansu za su iya faɗuwa, ɗakin tsohuwa da ke ƙuryar gida ya fi buƙatar mai dubawa.

Lokacin aiki ma yana da nasa tsari, kuma ya saɓa wa yadda muka saba. Da damina ake bincike, da rani ake gyara. A watan Agusta, ana tsaka da ruwa, mai gida ya ɗauki lema ya fita ya ga inda indararo ke zuba, inda ruwa ke kwanciya, inda yake bi ya fita. Ya zana iyakar danshi a bango da gawayi, ya ɗauki hoto da waya. Wanda ya zo duba gida a watan Janairu ba abin da zai gani, ko'ina ya bushe ya yi lafiya lau, kuma a lokacin ne masu sayar da tsofaffin gidaje suka fi son kai mai saye.

Da ruwa ya ɗauke muka fara daga sama: rufi, rawani, sababbin indararo masu tsawo, da dutse a inda ruwansu ke sauka don kada ya haƙa rami ya fantsamo wa bango. Sannan muka sauko ƙasa. Muka kwashe ƙasar da ta taru a bayan ɗakuna har ta koma ƙasa da daɓen ciki, muka ba ta gangare zuwa kwata, muka mayar da turke tsakiyar fili. A nan akwai haɗari: kada a haƙa dab da bango har a wuce zurfin harsashinsa, tsofaffin gidaje da yawa harsashinsu bai da zurfi. Bayan haka aka ɓamɓare tsohon shafen simintin da wani gyara na baya ya bari, aka ƙyale bangon tsirara iskar hunturu ta yi aikinta. Bangon da kaurinsa ya kai kamu biyu ba ya bushewa a sati. Watanni yake ɗauka, kuma wannan jira shi ne abin da ya fi ƙona ran masu gida. Yayanmu ya yi bikinsa da bango ba shafe, aka rataya labule, ba kuma wanda ya fasa cin abinci.

Gyaran gindin bangon da ya zaizaye shi ne inda na ga gwanintar dattijon. Bai yarda a buɗe shi gaba ɗaya ba. Sai ya tokare azara, ya rarake wuri kamar kamu ɗaya, ya cire ruɓaɓɓiyar ƙasa har ya tarar da mai ƙarfi, ya jera dutse a ƙasa, ya cike da busasshen tubali, ya tsallake kamu biyu ya sake buɗe wani. Sai waɗannan sun kama yake dawowa kan na tsakani. Na tambaye shi me zai hana a cusa ɗanyar ƙasa a wuce wurin. Ya ce ɗanyar ƙasa tana ƙanƙancewa idan ta bushe, ta bar bangon a rataye. Ƙasar da ya cire kuma ya sa aka fitar da ita daga gidan, bai yarda a sake kwaɓa ta ba, domin gishirin yana cikinta.

Ƙasar yaɓe ya kwaɓa ta da ramno, ya bar ta ta kwana da kwanaki tana ruɓa ana juyawa, sannan ya shafa ta siriri-siriri, hawa-hawa, kowane hawa sai ya sha iska kafin na gaba. A ciki muka sa farar ƙasa maimakon fentin mai. Fentin mai da irin mai roba ɗin nan fata suke yi wa bango, su kumbura su riƙe ruwa. Farar ƙasa tana gogewa a jikin riga, gaskiya ne, kuma matan gidan ba su yafe mini wannan ba har yau.

Daɓen ɗaki ma yana cikin lissafi. Daɓen da, na tsakuwa da makuba da mata suke bugawa da madaɓi, yana barin laimar ƙasa ta fita ta ko'ina kaɗan-kaɗan. Idan aka zuba kankare aka ɗora tayil, ko aka shimfiɗa ledar ɗaki bango zuwa bango, laimar sai ta tattara ta nufi gefe, ta hau bango. Wanda ya ga lallai sai ya sa tayil, to ya fara tabbatar da ƙasar waje ta bushe kuma ruwa ba ya kwana kusa. Sannan kayan ɗaki: kabad da sif da gado da aka danna jikin bango suna hana shi iska, bayansu ne fumfuna take yin gida. A ja su baya ko da faɗin tafin hannu ne. Tagogin nan ƙanana na sama da aka toshe da tsumma saboda ƙura ko sauro, a buɗe su a sa raga. Wannan ba maganar kyan ɗaki kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a 2009 a kan danshi da fumfuna a cikin gidaje, inda ta danganta su da tari, da shessheƙar ƙirji, da tashin asma. Su wa ke kwana a ɗakunan da suka fi danshi a gidajenmu? Tsofaffi da jikokin da ke kwana wurinsu.

Abu ɗaya ya rage da kuɗi ba sa gyarawa. A cikin birni bango ɗaya gida biyu yake yi wa aiki. Bangon ɗakin Hajiya na arewa, ta ɗaya fuskar, wurin wanke-wanken maƙwabtanmu ne. Duk abin da muka yi ta ɓangarenmu, ruwansu yana nan yana shiga. Yayanmu ya so a kai ƙara wurin mai unguwa. Hajiya ta hana, ta ce shekara hamsin suna karɓar wuta a hannun juna da matar gidan, ba za a fara sammaci a kanta ba. Ita ta yafa mayafi ta shiga da kanta. Aka daidaita a kan mu za mu sayi siminti da bututu, su kuma su matsar da wurin wankin zuwa bakin kwatarsu, yaransu su yi leburanci. Buhu biyu aikin ya ci.